Ƙarfen da Ya Faɗo a Gonar Bamagujiya

Mutane suna cewa Baffana mutumin kirki ne, kuma ban taɓa ƙaryata su ba. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar ubana, wanda ƙanensa ne, shi ya koya mini sana'a, shi ya yi mini aure. Duk na sani, ba sai an tuna mini ba. Amma ga shi na tsufa, haƙora sun zube, shi kuwa ya daɗe a ƙasa, har yau abin da ya yi mini bai bar raina ba. Kullum ina yi masa addu'a, kullum kuma ina jin haushinsa, ban ga ɗaya ya hana ɗaya ba.

Mu maƙera ne, a wani ƙauye yamma da duwatsun Funtua, ta wajen Mahuta, cikin ƙasar Maska. Baffa shi ne sarkin maƙeran garin. A zamaninmu ba sayen ƙarfe ake yi ba, mu muke fitar da shi da hannunmu. Da rani mu shiga daji mu haƙo tama, wato jan dutsen da ƙarfe ke ɓoye a cikinsa, mu sare itatuwa mu yi gawayi, mu gina dogon murhu da yumɓu, mu yi ta ciyar da wuta har dattin ya tsiyaye ya bar mana curi. Curin ma ba a gama ba, sai an yi ta dukansa ana mayarwa wuta kafin ya zama abin da za a yi fartanya da shi. Saboda haka abu ɗaya na tashi da shi a ka: ƙasa ba ta ba da ƙarfe, dutse take bayarwa. Duk inda ka ga ƙarfe, to wani ya sha wuya a kansa.

Tun ina saurayi nake da wata ɗabi'a da 'yan uwana ke yi mini dariya a kanta. In muka yi zango a dajin tama muka hango wuta can nesa a gindin wani dutse, kowa ya san abin da take nufi, akwai mutane a wurin, ko Fulani da shanunsu ko wasu maƙera irinmu. Ba mai cewa wutar ita ta hura kanta. To ni sai in ɗaga kai da asuba muna hanyar rami, in ga gamzaki yana ci shi kaɗai bayan sauran taurari sun dushe, in ce a raina, waccan fa, wa ke zaune a gefenta? Ranar da na yi gangancin faɗin haka a fili na samu suna. Mai dangi a sama, haka suke kirana. In tuwo ya yi saura sai su ce a rufe, a ajiye wa baƙina. Har da waɗanda ba su iya bambanta tama da marmara ba suna da bakin yi mini dariya.

Shekarar da aka yi mini aure, dawa ta fara fid da kai, wata rana da la'asar muna maƙera muna gyaran kayan girbi. Sama tas, ko ɗigon gajimare babu. Sai muka ji wani sauti kamar ana yage sabon saƙi daga wannan gefen sama zuwa wancan, sannan ƙara ta biyo baya, har baƙin hayaƙin da ya daɗe a rufin rumfa ya zubo mana a ka. Mata suka kwashi yara suka shige ɗaka, maza suka yi ƙofar gari da kwari da baka, don a lokacin duk abin da ya yi ƙara mahara ake fara zato. Ba doki, ba mahari. Sai wani farin hayaƙi a miƙe a sama kamar an ja zare, yana watsewa a hankali.

Ba a jima ba wata tsohuwa Bamagujiya ta iso ƙofar gidanmu. Mijinta ya mutu, ita ke noma gonarsa a bayan ganuwa, can unguwar Maguzawa masu bin addinin kakanninsu. Ta ce abu ya faɗo mata a gona. Al'adar ƙasarmu kuwa, Musulmi da Bamaguje duk sun yarda da ita, abin da ya faɗo daga sama ba mai taɓa shi sai maƙeri. In aradu ta faɗa wa ɗaki ko itace mu ake kira, mu zuba nono a wurin, mu tono ɗan baƙin dutsen nan mai santsi da ake ce wa gatarin aradu, sannan mutane su matso. Baffa na fama da kurkunu a ƙafa, ba ya iya takawa, sai ya ce in ɗauki ƙwaryar nono in bi ta.

Na tarar da karan dawa a kakkarye, da rami a tsakiyar kunya wanda hannu zai shige har kafaɗa. Na zuba nonon, na karɓi fartanyarta na fara tono. Ɗan dutsen da muka saba nake jira, sai fartanya ta bugi wani abu ya yi ƙara. Kunnen maƙeri ba ya ɓata a kan wannan ƙarar. Na ajiye fartanya na sa hannu biyu, na ciro wani baƙin curi kamar kan ɗan akuya, amma nauyinsa ya kusa ja ni cikin ramin. Jikinsa duk lotse-lotse, kamar yumɓun da aka danna da babban yatsa.

Tsohuwar tana tsaye nesa, ta ce, "Mi ka gani, maƙeri?"

Na ce, "Inna, ƙarhe ne."

"To ɗauke abinka ka ba ni wuri. Ni dawata aka karya mani. Ko wa ya jeho shi, ko dai ba ya da hankali ko kuwa kuɓuce mashi ya yi."

Ita faɗa take yi a kan dawarta, ni kuwa maganarta nake juyawa. Ko wa ya jefo shi. Abin da aka yi shekaru ana mini dariya a kansa, ga tsohuwa ta faɗe shi kamar tana maganar ɗan maƙwabci da ya jefi kazarta. Na yi gammo na ɗora a ka, na nufi gida.

Gari ya yi ta zuwa kallo. Yawancinsu suka ce aikin aljanu ne, suka tofa addu'a suka tafi. Wannan magana ta fi ba ni haushi a kan dariyar da. Aljanin da ake ajiye wa mai jego wuƙa a ƙarƙashin matashi don ya tsorata ya bar jariri, shi ne zai zauna ya narka ƙarfe? Ni lissafina daban ne. In akwai ƙarfe akwai gawayi. In akwai gawayi akwai itace, itace kuwa ba ya fitowa sai da ruwa. Inda ake ruwa ana noma, kuma don noma ake ƙira. Sai in ga ƙauye guda a idona: wani yana zuga gumi na zuba, wani yana faɗa an ɓata masa wuta, wata ta kawo fura ta ajiye nesa da murhu. Wataƙila ba su yi kama da mu ba, ban damu ba. Abin da ya tsaya mini a rai, ko su ma suna leƙowa su hango wutarmu, ko su ma suna da nasu wawan da ake yi wa dariya.

Na ɗauki magagari na goge gefe guda don in ga cikinsa. Fari fat kamar azurfa. Ba huda, ba datti, ba tsagewa, ba ko ɗaya daga cikin aibobin da muke fama da su a curinmu. Na bi shi da dutsen wasa wuƙa, na bi da lallausan yashi, na bi da toka, har ina ganin idona a ciki. Mukan wanke ƙarfe da ruwan tsamiya don tsatsa, sai na roƙi amaryata ta ɗebo mini daga wadda ta jiƙa ta kunu, na zuba a kwatarniya na sa shi a ciki. Daga nan girbin gero ya taso, na manta da shi 'yan kwanaki.

Da na ciro shi na ɗauraye, sai da na zauna a ƙasa. Zane ya fito a fuskar da na goge. Layuka ne miƙaƙƙu, ba ko ɗaya da ya karkace, sun taso ta fuska uku suna ratsa juna kamar saƙar tabarma, waɗansu masu faɗi, waɗansu sirara kamar gashi, kowane da ɗan haske a bakinsa. Na ce ko magagarina ne ya bar sawu. Na sake gogewa har zanen ya ɓace, na sake jiƙawa, ya dawo yadda yake, ko layi ɗaya bai kauce ba. Ashe ba a fata yake ba, a cikin naman ƙarfen yake.

Yaran yanzu ba za su gane abin da na ji ba sai na yi musu bayani. A lokacinmu in baƙo ya shigo gari, kafin ya buɗe baki an karanta fuskarsa. Zanen kumatunsa zai gaya maka Bakatsine ne ko Bagobiri ko Babarbare, wani lokaci har gidansu. Yaron da mahara suka sace, da zanen fuskarsa ake mayar da shi ga danginsa bayan ya yi gemu. Mu ma maƙera kowane gida da alamar da yake bugawa a gindin fartanya. Don haka da na ga layukan nan ban yi wani dogon tunani ba. Baƙo ne ya zo da zanen garinsu a fuska, abin da ya rage a samu mai karantawa.

Na naɗe shi a buzu na kai wa limaminmu, wani dattijo mai sanyin hali da ya yi karatu a Zariya. Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, wanga rubutu ne?"

Ya juya shi wajen haske ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Ba harafin da na sani."

"To Malam, akwai mutane a sama?"

Na zaci zai kore ni. Sai ya ce, "Abin da na karanta, ana jifan shaiɗanu da taurari. Amma ban karanta inda aka ce an gama halitta a kanmu ba. Kar ka ce akwai, kar ka ce babu, Allah shi ne masani. Ka dai riƙe sallarka." Har na miƙe ya ƙara da cewa, "In zane kake so a duba maka, ba aikin malami ba ne. Akwai wani tsohon wanzami a Danja, ya bi ayari har Gwanja da Barno da Nufe. An ce ba fuskar da bai shafa ba."

Duk garin nan shi kaɗai ya ba ni amsa irin ta mutum da mutum, Allah ya ji ƙansa.

Na nuna wa Baffa ma. Ya ɗora ƙarfen a cinya, ya bi layukan da farcen babban yatsa, ya ƙwanƙwasa ya kasa kunne. Na gaya masa yadda na goge zanen ya dawo. Bai yi dariya ba, ya dai gyaɗa kai. Na ji daɗi har cikin raina, na ce yau dai Baffa ya zo wajena. Da aka gama girbin dawa na ce masa zan tafi Danja in ɗauko wanzamin, a kula mini da ƙarfen, don ya yi nauyin da ba zan bi hanya da shi ba, ga tsoron 'yan fashi. Ya ce to, Allah ya kiyaye hanya. Na lura ya yi saurin amincewa, amma ban kawo komai a raina ba.

Na bi wasu fatake har Danja. Wanzamin ya tsufa tukuf, idonsa ya yi hazo, da yatsu yake gani. Da farko ya ce ba inda za shi, ƙashinsa ba na hanya ba ne yanzu. Na zauna a zaurensa ina wasa masa asake, ina gyara masa 'yan ƙarafan aiki, ina ba shi labarin ƙarfen safe da yamma har ya gaji da ni. Rannan yana shafa askar da na gyara sai ya yi dariya ya ce, "Na shafa huskokin duniya, ashe saura ta sama. Nemo jaki."

Ban taɓa jin daɗin tafiya kamar wannan komawar ba. Yana bisa jaki ina ja, yana ta yi mini tambayoyi. Layukan sun haɗu a ƙarshe ko sun bar juna? Masu faɗin ne a sama ko sirara? Ya ce ko bai gane garin ba, zai iya gaya mini ko hannu ne ya yi zanen, don hannu yana da hali, yana gajiya, yana sauri in ya kusa gamawa. Wannan kaɗai nake nema a duniya. Ba na neman a ce na yi gaskiya a gaban gari, ban damu da su ba. So nake wanda ya san aikin ya shafa ya ce mini, e, akwai wani, ko kuwa a'a, babu.

Muna shigowa unguwarmu na ji ana kaɗa dundufa, kiɗanmu na maƙera, mata suna guɗa. Na ɗauka haihuwa aka yi. Sai na ga an yi sabuwar rumfa a gefen ta Baffa, an kafa uwar maƙera a ciki, wato ƙarfen da ake ɗora aiki a kai a daka, an ajiye sababbin zuga-zugi. A nan gabana ya faɗi, don na san al'adar gidanmu. In ɗa ya yi aure ya ga kaka ta farko, ana fitar masa da murhun kansa, kuma babban mutumin gidan shi ke ƙera masa masaɓa, wato sandar ƙarfen da muke dukan aiki da ita. Ana yin ta da ƙarfen da ya fi kowane kyau a gidan, kuma ba a yin ta a gaban mai ita, sai an faki idonsa. Na san wannan tun ina yaro. Na san kakar farko bayan aurena ce ta zo. Ban taɓa haɗa biyun a kaina ba, don ni a wajena abin da ke cikin buzun nan baƙo ne, ba ƙarfen gida ba.

Baffa na zaune a kan tabarma, ƙafarsa ta warke, ya sa rigarsa ta salla. Ya ce, "Matso nan, ɗana. Durƙusa."

Na durƙusa. Ya miƙo mini wani abu a naɗe cikin farin saƙi. Ya ce, "Yau ka zama maƙeri mai murhun kanshi. Ubana ya ƙera ma ubanka tashi, ni na ƙera maka taka. Ba a taɓa yi ma ɗan gidan nan irinta ba."

Na warware. Masaɓa ce doguwa, fara, tana ɗaukar ido. Ba ƙarfen ƙasarmu da ke da wannan farin.

Na ce, "Baffa, ina ƙarhena?"

"Ga shi a hannunka."

"Wuta ka sa mashi?"

"To da mi za ni sa mashi, ruwa?"

Wurin ya ɗauki dariya, makaɗa suka ƙara wuta. Ni kuwa idona ya rufe. Wallahi da ba Baffa ba ne a gabana, da abin da ke hannuna na sauke masa a ka. Na ce, "Baffa, ga dattijo na ɗauko tun daga Danja ya duba zanen."

Ko a jikinsa. Ya ce, "Zanen shina nan. Ba kai ka hwaɗa mani a cikin nama yake ba, in an goge ya dawo? Wuta datti take ci, ba ta cin naman ƙarhe. Goge ka jiƙa ma baƙonka ya gani. Yanzu dai yi godiya, mutane na kallonka."

Na yi godiya. Na sa goshina kusa da ƙasa na ce Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma, mata suka rangaɗa guɗa a kaina. Ban taɓa faɗin kalmomin da suka yi mini ɗaci a baki kamar waɗannan ba.

Amma maganarsa ta ba ni ɗan abin riƙewa, don abin da duk maƙeri ya yarda da shi ke nan, har ni. Mun ɗauka wuta tana fitar da gaskiyar ƙarfe ne, ba ta ƙara masa ba ta rage masa. Kafin taro ya watse na shige sabuwar rumfar, na goge gefen masaɓar da magagari, na bi da dutse da yashi da toka kamar yadda na yi a da, na sa amaryata ta jiƙa tsamiya mai kauri. Wanzamin ya ce zai jira. Muka ba shi ɗaki, muka yi ta jira. Kullum da safe in ciro in ɗauraye in kai wajen haske. Fuskar ta yi duhu, ta yi toka-toka, amma ba layi ko ɗaya. Na sake gogewa a wani gefen. Na canza tsamiya, na gwada lemon tsami, na gwada ruwan kanwa don hauka. Babu.

Daga ƙarshe na kai wa tsohon. Ya bi ta da yatsu daga kai har gindi, a hankali, ya koma ya sake. Ya ce, "Ɗana, wanga sumul yake kamar goshin jinjiri."

Na share ƙasa a gabansa na ɗauki tsinke na zana masa layukan yadda na tuna su, na kama hannunsa na ɗora. Ya shafa kaɗan ya janye.

Ya ce, "Wanga zanenka ne. Ni ba siffa kaɗai nake dubawa ba. Inda aska ta shiga nake nema, da inda ta hita, da ko hannun ya yi rawa. Ƙasa ba ta riƙe wannan."

"Baba, ko kama bai yi maka da na wasu mutane ba?"

"In na ce ya yi, na yi maka ƙarya."

Na tashi na nufi rumfar Baffa da masaɓar a hannu. Ban yi sallama ba, abin da ban taɓa yi ba. Na ajiye ta a gabansa na ce zanen ya tafi, wutarsa ta cinye shi, abu ɗaya tak da ya taɓa zuwa mana daga can ya mayar da shi sandar dukan fartanya. Na faɗi maganganu da yawa, ba duka zan maimaita ba. Na ce masa da ma bai taɓa yarda da ni ba, dariya yake mini a ciki kamar sauran.

Ya bar ni na gama. Ya ɗauki masaɓar ya duba inda na goge, ya daɗe, na ga fuskarsa ta canza. Bai san wuta za ta ci ba, wannan na yarda. Amma bai ce in yi haƙuri ba. Cewa ya yi, "Kana tsammani ban gani ba? Na hi ka gani. Wanda ya narka wanga ya hi ni, ya hi ubana, ya hi duk wanda na taɓa ji. Ƙarhen gwani irin wannan a bar shi a kwatarniya shina shan tsamiya kamar kunu? Rashin kunya ne. Shi kanshi in ya leƙo ya ga an aje aikinshi ba a mora ba, ranshi ɓaci zai yi."

Ashe duk garin nan Baffa ne ya fi kowa yarda akwai maƙeri a sama. Ya yarda fiye da liman, wataƙila fiye da ni. Kuma don ya yarda ɗin ne ya jefa shi a wuta, don maƙeri bai san wata hanyar girmama ƙarfe ba sai ya ƙera shi. Da wawa ne ya yi mini wannan, ko maƙiyi, da na san inda zan ajiye haushina.

Saura abu ɗaya a al'adar. Ba a buɗe sabon murhu sai mai shi ya yi aikin farko a gaban dangi da sabuwar masaɓarsa, kuma aikin farkon sadaka ne. Baffa ya ce a yi wa tsohuwar Bamagujiya fartanya, tunda dawarta aka karya. Aka kira ta ta zauna a bakin rumfa, wanzamin ma aka kawo shi, ga 'yan uwana masu dariya sun yi layi. Aka hura wuta, aka sa curin ƙarfenmu na ƙasa har ya yi ja, na kamo shi da awartaki na ɗora a kan uwar maƙera.

Addu'a ɗaya nake yi a raina, Allah ya sa ta fashe. Na sha ganin farin ƙarfe mai kyan gani da ke tarwatsewa a bugun farko. Na ce in ta fashe kowa zai ga ba don wannan aka aiko shi ba, Baffa zai ji kunya a gaban mutane, ni kuma in samu sanyi. Na ɗaga ta da duk ƙarfina da duk haushina, na sauke kamar mai son kashe wani.

Ba ta fashe ba. Ta sauka daidai inda idona yake, ba ta girgiza mini gwiwar hannu ba, ta dawo sama da kanta kamar tana neman a ƙara. Jan ƙarfen ya baje a ƙarƙashinta kamar ƙullun waina. Na sake bugawa, na sake, kafin wutar ta huce bakin fartanya ya fito. Tsohuwar ta ce kai, yaron nan ashe ya iya. Na ɗaga kai na ga Baffa yana murmushi, hawaye na bin gemunsa, yana kallon sama ta ƙofar rumfa kamar mai nuna wa wani.

Na mayar da wanzamin Danja, bai ƙara wata damina ba ya rasu. Tun daga nan duk inda na ji an ce tauraro ya faɗo sai na je, na je bayan Malumfashi, na je wajen Musawa, na tona gonakin mutane har ana ce mini mahaukaci. Duwatsu na samu, wani lokaci ko dutsen babu. Ban sake ganin layukan nan ba, kuma ba wanda ya rage a duniya da ya gan su sai ni.

Masaɓar kuwa da ita na ci abinci, da ita na aurar da 'ya'yana. Na shiga maƙeru da yawa a rayuwata, na riƙe na gwanaye, ban taɓa riƙe wadda ta kama ƙafarta ba. Da ta fashe a ranar nan, da tuni na yafe wa Baffa.